Bibrafon: Yadda Ake Kaɗa Shi da Kula da Shi

Wataƙila ka taɓa ganin ngelenge na ƙasar Ibo, ko kundung na Birom, inda ake jera katakai a kaɗa su da sanduna. Bibrafon ma haka tsarinsa yake, sai dai allunansa na alminiyam ne. A Amurka aka ƙirƙiro shi. Kamfanin Deagan na birnin Cikago ya fitar da samfurin da ake amfani da shi yanzu a 1927, kuma ya shahara a kiɗan jaz bayan Lionel Hampton ya kaɗa shi a faifan Louis Armstrong a 1930. A Afirka kuwa, Mulatu Astatke na Habasha ya yi suna da shi.

Sassansa

Bibrafon yakan ƙunshi alluna 37, a jere layi biyu. Dogayen alluna su ne masu kaurin amo, gajerun kuma masu siririn amo. Ƙarƙashin kowane allo akwai bututu mai ƙara ƙarfin sauti, kuma a bakin bututun akwai ɗan faifai wanda injin lantarki ke juyawa. Yayin da faifan ke buɗe bakin bututu yana rufewa, sai amon ya riƙa karkarwa. Daga wannan karkarwa ne sunansa ya samo asali. A ƙasa kuma akwai feda. Idan ka taka ta, matashin da ke danne allunan zai sake su, amo ya daɗe yana tashi. Idan ka ɗaga ƙafa, sai ya ɗauke.

Koyon kaɗawa

Fara da sanduna biyu, ka riƙe su sakwa-sakwa, ka bar wuyan hannunka ya yi aikin. Bugi tsakiyar allo, ka ɗaga sanda nan take. Kada ka bugi wurin da igiya ta ratsa allon, domin amonsa a mace yake.

Abin da ya fi wahalar da mai koyo shi ne feda. In ka daɗe kana danne da ita, sautuka za su cakuɗe, mai sauraro ya kasa rarrabe su. In kuma ba ka taka ta ba, kiɗanka zai fito a gutsuttsure. Saboda haka, ka kashe injin lokacin gwaji, ka kaɗa a hankali, kana sauraron inda kowane sauti ya fara da inda ya ƙare. Gwaji kaɗan kullum ya fi dogon gwaji sau ɗaya a mako. Sai hannu da ƙafa sun saba sannan ka koma sanduna huɗu, irin salon da Gary Burton ya shahara da shi.

Kula da shi

Bibrafon yana da tsada, kuma allon da ya lotsa ko ya tsage yakan rasa daidaiton amonsa, sai dai a canza shi. Don haka kada ka kaɗa shi da ƙarfe ko da sanda mai taurin kai. Masu kai naɗe da zare su ne nasa. Goge allunan da tattausan ƙyalle bayan ka gama, ka lulluɓe shi saboda ƙura, kada kuma ka ɗora masa kaya. Riƙa duba igiyar alluna, da matashi, da bel ɗin inji, ka sauya wanda ya lalace tun bai jawo wata ɓarnar ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ke sa amon bibrafon karkarwa?
2. Mene ne aikin feda?
3. Wane wuri ne ba a so a buga a jikin allo? Me ya sa?
4. Kawo hanyoyi uku na kula da bibrafon.