Motocin rimot na tsere: yadda ake kula da su a ƙasar yashi da zafi

Duk wanda ya tashi a Tasawa ko Mayahi ya san motar kara, da ta gwangwani, da ta waya mai tayun tsohon silifas. Yaro ke ƙera ta da hannunsa, in ta lalace shi ke gyara abinsa. Yanzu, musamman a lokacin bukukuwan Sallah, wata irin mota ta shigo hannun yara: ta roba mai batir, wadda ake tuƙawa da rimot. Sau da yawa kafin a kwashe mako guda ta tsaya cik, kuɗin iyaye sun bi ruwa. Amma a wasu ƙasashe wannan wasa ya zama gasa ta manya, kuma dabarun da ƴan gasar ke bi suna da amfani har ga mai motar kasuwa.

Motar wasa daban, motar tsere daban

Motar da ake saya a kasuwa tana zuwa a haɗe, sitiyarinta hagu ne ko dama kawai, babu tsaka-tsaki, kuma ba a sayar da kayan gyaranta. Ta tsere kuwa gunduwa-gunduwa ake haɗa ta, kowane sashe ana iya cire shi a sauya, kuma gwargwadon yadda direba ya murɗa rimot haka tayu ke juyawa.

Wadda ta fi shahara a kan kwalta ita ce mai siffar motar gida mai ƙofa huɗu, wadda girmanta kashi ɗaya ne cikin goma na motar gaske. Faɗinta santimita 19 ne, nauyinta ya ɗan haura kilo 1.3, kuma tayunta huɗu duka ke ja. Kamfanin Tamiya na garin Shizuoka a Japan ya taimaka wajen yaɗa ta da samfurin TA01 a shekarar 1991. Hukumar IFMAR, wadda aka kafa a 1979, ita ke shirya gasar duniya. Afirka ta Kudu ta karɓi baƙuncinta a 2002, sannan a 2018 a garin Welkom, inda Bruno Coelho ɗan ƙasar Fotugal ya lashe kofi. Kowane tsere minti biyar ne, wanda ya fi yawan zagaye shi ya yi nasara.

Yashi ne babban abokin gaba

Tsakanin cikin motar tsere da ƙasa kusan milimita 5 ne kawai. Ke nan ba ta da abin yi a lungunan Mayahi ko rairayin Gulbin Kaba. Sai filin siminti mai santsi da aka share, kamar filin ƙwallon kwando. Babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram da ta ratsa Tasawa tana da kwalta, amma ba wurin wasa ba ce, domin manyan motoci ba sa ganin abu ƙarami haka, balle yaron da ya bi shi da gudu.

Bayan kowane wasa, a cire batir, a kakkaɓe ƙura da tsohon buroshin haƙori ko iskar famfon keke. Ba a wanke ta da ruwa. A juya kowace taya da hannu. In an ji tana ƙarar yashi, boris ɗinta na son wanki da ɗigon mai kaɗan. Kuskuren da aka fi yi shi ne shafa giris a giyar da ke buɗe. Giris na kama ƙura, musamman a hazon hunturu, ya zama tamkar dutsen wasa wuƙa, ya cinye haƙoran giya.

A motocin kasuwa kuwa, abin da ke tsayar da su yawanci ƙarami ne: tsatsa a mazaunin batir, zare ko gashi da ya naɗe a ƙarfen taya, ko waya da ta tsinke. Mai gyaran salula ko rediyo yana iya liƙe wayar da dalma cikin mintuna kaɗan.

Batir: nan ne haɗari yake

Motocin tsere na aiki da batirin litiyom da ake kira LiPo, mai gida biyu, volt 7.4. Kowane gida yana cika a volt 4.2, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da volt 3 ba. In za a ajiye shi kwanaki, a bar shi wajen volt 3.8. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a jihar Maraɗi, barin irin wannan batir a rana ko a rufaffiyar mota neman gobara ne. A yi cajinsa da cajar da aka yi dominsa, a kan siminti, nesa da katifa da zana, kuma da mutum a kusa. Batirin da ya kumbura ko ya huje, aikinsa ya ƙare.

Akwai masu ciro batir daga tsohuwar kwamfuta ko tocila su ɗaura wa motar yaro don ta ƙara gudu. Motar da aka yi wa ƙananan batura uku volt 4.5 take ɗauka. In aka jera na litiyom biyu, a cike sun kai volt 8.4, kusan ninki biyu. Za ta yi gudu na ɗan lokaci, sannan allon wutarta ya ƙone.

Ƙara gudu da lissafi ake yi

Injin yana juya ƙaramar giya, ita kuma ta juya babba. In ƙaramar na da haƙora 20, babbar 80, sai injin ya juya sau huɗu kafin babbar ta juya sau ɗaya. In aka sa mai haƙora 22, lissafin ya sauka zuwa kusan 3.6: gudu ya ƙaru a miƙe, amma tashi ya ragu, injin kuma ya ƙara zafi. A ƙasa mai zafi, in injin ba ya taɓuwa da yatsa bayan wasa, a koma ƙaramar giya mai ƙarancin haƙora.

Sauran gyaran na tayu ne da shokozoba. Ƴan tsere kan karkatar da saman taya ciki da digiri ɗaya zuwa biyu don ta riƙe ƙasa a kwana. Man shokozoba mai kauri yana rage saurin tangaɗin mota, mai ruwa-ruwa kuma ya fi dacewa da fili mai gargada. Ƙa'idarsu guda ce: a sauya abu ɗaya tak, a auna lokacin zagaye da agogon salula, a rubuta, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya sauya abu uku a tare ba zai san wanne ya yi amfani ba.

In yara za su yi tsere tare, a duba lambar da ke jikin rimot. Motoci biyu masu 27 MHz kan shiga saƙon juna, amma masu 2.4 GHz kowace na bin rimot ɗinta kaɗai.

Ga iyaye, tambayoyin da suka dace a yi wa ɗan tireda kafin biya su ne: wane batir take ci, ana samunsa a gari, kuma da sukuru aka ɗaure ta ko da gam? Mai sukuru tana buɗuwa. Yaron da ya iya lanƙwasa waya ya yi sitiyari, in aka zauna da shi aka buɗe ta, zai ga giya da inji da wuta suna aiki tare, abubuwan da mai gyaran babur da mai haɗa sola ke cin abinci da su a kasuwar Tasawa.