Kafin A Shimfiɗa Darduma, Ina Waya Za Ta Bi?

Duk wanda ya taɓa yin sujada goshinsa ya sauka a kan wani ƙulli mai tauri a ƙarƙashin darduma ya san abin da muke nufi. Sau da yawa mahaɗar wayoyi ce aka naɗe da salatif, aka cusa ƙasa don kada ido ya gani.

Tun da Jalingo ta zama hedkwatar Jihar Taraba a 1991, masallatai da majami'u da zaurukan taro suke ta ƙaruwa a garin, har da Yelwa, haka nan kuma kayan sauti: lasifika, makirufo, har da kyamarar ɗaukar tafsiri da azumi. Abin da aka saba shi ne kwamiti ya sayi darduma, a shimfiɗa, a yi barka, sa'an nan a tuna da mai aikin wuta. Shi kuwa ina zai bi da waya in ba ƙarƙashi ba?

To, ga illar. Wayar wuta tana ɗaukar zafi in tana aiki, darduma kuwa sai ta hana zafin fita. Ga ƙafafu suna taka ta sau biyar a yini har robar jikinta ta tsage. Ƙarfin wutarmu bolt 230 ne, masallata kuma ba takalmi, ga damshin alwala a ƙafa. Sauran bayani mai karatu ya sani.

A Amurka tun farkon shekarun 1980 aka yarda da wata waya mai faɗi kamar ɗamara wadda aka ƙera musamman don ƙarƙashin shimfiɗa. Duk da haka sai an rufe ta da fallen ƙarfe, dardumar kuma ta zama gutsi-gutsi mai ɗaguwa domin dubawa, kuma an hana sa ta a gidajen kwana. Mu kuwa wayar fanka muke binnewa!

Gyaran ba wuya, muddin an yi shi tun ana aikin daɓe. A fara sanin inda liman zai tsaya, da inda mumbari da na'urar ƙara sauti za su zauna, sa'an nan a haƙa wa bututu mai murfi hanya, ya yi daidai da daɓen. In an riga an yi daɓe, akwai mai kwanciya bisa ƙasa da gefe mai gangara. A bi da shi ta gindin bango, kada ya ratsa wurin sa goshi. Wayar makirufo da ta wuta kowace da ɗakinta, domin in sun jera, nan ne ake samun gurnanin nan da ke shaƙe karatun liman. In tilas su gamu, su gicciye juna. Mahaɗa kuwa sai cikin akwati mai buɗuwa, a kuma bar fili saboda wayoyin baɗi.

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin wuta takardar shaida. Kwamiti ya nemi ganinta kafin a yi ciniki.