Harshe a Ɗakin Allura: Hanyoyin Ƙara Karɓuwar Rigakafin HPV ga 'Yan Mata a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A ranar 24 ga Oktoba, 2023, Gwamnatin Tarayya ta shigar da allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV cikin jerin alluran da ake yi kyauta a cibiyoyin lafiya na ƙasar nan. An fara aikin da jihohi 15 da Babban Birnin Tarayya, waɗanda suka haɗa da Kano da Jigawa da Bauchi da Kebbi da Legas da Inugu, bayan an horar da ma'aikatan lafiya fiye da 35,000. Sauran jihohi 21 sun bi sahu a watan Mayu, 2024. Waɗanda aka nufa da aikin su ne 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, domin a kare su daga sankarar bakin mahaifa, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ta kama mata kimanin 12,000 a Nijeriya a shekarar 2020, ta kuma yi ajalin kimanin 8,000.

Gangami na kwana biyar abu ne mai ƙarewa. Bayan an naɗe tabarmarsa, nauyi ya koma kan ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani, inda ake sa ran yi wa kowace yarinya allurar idan ta kai shekara 9. A nan ne aikin ya zama na baki kafin ya zama na hannu. Wannan maƙala za ta yi bayanin cutar da rigakafinta, sannan ta duba kalmomin Hausa da ake amfani da su a wannan fage da irin saƙon da suke ɗauke da shi, daga nan ta kawo matakan da ma'aikacin lafiya zai iya bi domin ƙara yawan masu karɓar allurar.

2.0 Cutar da Rigakafinta

HPV ƙwayar cuta ce ta jinsin bairos, mai nau'o'i fiye da 200. Wasu nau'o'in suna yaɗuwa ta hanyar saduwa, kuma yawancin baligai maza da mata suna kamuwa da su a wani lokaci na rayuwarsu ba tare da sun sani ba, domin jiki yakan kore su da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Matsala tana faruwa ne idan ƙwayar ta ƙi barin jiki. A hankali sai ta riƙa sauya halittar fatar bakin mahaifa, har bayan shekara 15 zuwa 20 abin ya rikiɗe ya zama sankara. Ga macen da garkuwar jikinta ta yi rauni, shekara 5 zuwa 10 sun isa. Wannan ne ya sa mace mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau ta ninka sauran mata sau 6 wajen haɗarin kamuwa.

Masanin nan Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ne ya gano nau'i na 16 a 1983 da nau'i na 18 a 1984, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2008. Waɗannan nau'o'i biyu su ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya. An amince da allurar farko a Amurka a 2006. Wadda aka ƙaddamar da aikin da ita a Nijeriya, wato Gardasil, tana kare jiki daga nau'i na 6 da na 11 da na 16 da na 18. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta. Abin da ke ciki kwaikwayon ɓawon ƙwayar ne kawai, wanda jiki zai gani ya tanadi sojojinsa.

Allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. Hikimar yin ta a shekara 9 zuwa 14 ke nan: a riga cutar isa gida, a kuma ci gajiyar ƙarfin garkuwar jiki ta ƙuruciya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura ɗaya ta wadatar ga masu waɗannan shekaru, bayan bincike da ya haɗa da wanda aka gudanar a Kenya, kuma tsarin da Nijeriya ta ɗauka ke nan. Masu raunin garkuwar jiki kuwa suna buƙatar aƙalla biyu, idan da hali uku.

3.0 Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Binciken da aka buga a 2020 kan mata fiye da miliyan ɗaya da rabi a Suwidin ya nuna cewa waɗanda aka yi wa allurar kafin su kai shekara 17 haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 88 cikin 100. Wani da aka buga a 2021 a Ingila ya sami raguwar kashi 87 ga waɗanda aka yi wa tun suna da shekara 12 zuwa 13. A Afirka, Ruwanda ce ta fara a 2011, ta bi ta makarantu, ta kuma kai ga fiye da kashi 90 na 'yan matan da ta nufa.

Japan kuwa ta nuna ɗaya fuskar al'amarin. A 2013, bayan rahotannin da kafofin watsa labarai suka yayata kan wasu larurori da aka danganta da allurar, gwamnati ta daina kwaɗaitar da jama'a, ko da yake ba ta hana allurar ba. Yawan masu karɓa ya faɗo daga kimanin kashi 70 zuwa ƙasa da kashi 1, kuma sai a watan Afrilu, 2022 aka koma ga kwaɗaitarwa. Magani yana nan, asibiti yana nan, shirun hukuma kaɗai ya jawo wannan asara.

Ƙasar Hausa ma tana da nata tarihi. Gwajin wani magani da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa a 2003 bisa zargin yana hana haihuwa, sun bar tabo a zukatan iyaye. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Uban da ya yi tambaya a yau ba jahilci ne ya sa shi ba, abin da ya taɓa ji ko ya gani ne yake tunawa.

4.0 Kalmomi da Saƙonsu

4.1 Daji da Sankara da Kansa

Hausa tana da kalmomi uku ga wannan ciwo. "Ciwon daji" ita ce ta fi daɗewa a bakin jama'a, sai dai tana tafe da wani camfi mai ƙarfi, wato cewa daji ba ya son allura, in aka taɓa shi da ƙarfe sai ya fusata. Ma'aikacin da ya ce "allurar daji" ya haɗa abubuwa biyu da al'ada ta raba. "Sankara" ba ta da wannan nauyi, amma tana kusa da "sanƙarau" a furuci, bambancinsu bai wuce na "k" da "ƙ" da wasalin ƙarshe ba. Ganin an sha yin gangamin rigakafin sanƙarau a Arewa, uwa tana iya cewa an riga an yi wa 'yarta, alhali wata allura take nufi. Wannan haɗari ya fi yawa a zangunan Hausawa na Kudu, kamar Sabo a Ibadan da Agege a Legas, inda sau da yawa ma'aikacin ba Bahaushe ba ne, kuma harshensa bai saba da "ƙ" ba. "Kansa" aro ce daga Ingilishi, ta kuma zauna a birane. Abin da ya fi shi ne a haɗa biyu, a ce "sankara, wato kansa", sannan a ambaci inda take kamawa.

4.2 Mahaifa

Wannan ita ce kalmar da ta fi kowace nauyi. Da zarar an haɗa "allura" da "mahaifa" a jimla ɗaya, abin da zai fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne allurar tsarin iyali. Tambayar da ke biyo baya ita ce: me ya sa mata kaɗai? Kauce wa tambayar yana ƙara zargi. Amsa ta gaskiya ita ce, mata ne suke da bakin mahaifa, su ne cutar ta fi kashewa, shi ya sa aka fara da su, kuma ƙasashe irin su Ostiraliya da Ingila da Amurka suna yi wa yara maza. Kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya mai sa ido kan lafiyar allurai ya bincika zargin hana haihuwa, bai sami wata alaƙa ba. A ɗaya ɓangaren, maganin sankarar kanta, ko cire mahaifa ko gashi, shi ne yake raba mace da haihuwa.

4.3 Kunya

Ambaton hanyar yaɗuwar ƙwayar a gaban yarinya 'yar shekara 9 da mahaifinta ya saɓa wa tarbiyyar Bahaushe. Haka kuma, kalmar "ciwon sanyi" tana iya sa iyaye su ɗauka ana zargin tarbiyyar 'yarsu. Gaskiyar magana ita ce macen da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa. Saboda haka ya kamata a buɗe zance da sankara. Idan iyaye sun nemi ƙarin bayani, a ba su cikakke, cikin sakaya irin ta "zaman aure", bayan an ɗan janye yarinyar gefe.

5.0 Matakai a Cibiyar Lafiya

5.1 Sanarwa Maimakon Tambaya

A wani gwaji da aka buga a 2017, wanda Noel Brewer da abokan aikinsa suka gudanar a asibitoci 30 na Karolina ta Arewa a Amurka, an koya wa wasu likitoci su sanar da iyaye cewa lokacin allura ya yi, wasu kuma su buɗe doguwar tattaunawa. Asibitocin da suka bi hanyar sanarwa ne suka sami ƙarin kimanin kashi 5. A Hausa, bambancin yana fitowa a misalai kamar haka:

(1) Hajiya, ko za a yi mata allurar nan, ko kuwa sai kun yi shawara?

(2) Hajiya, 'yarki ta cika shekara tara, yau ne lokacin rigakafin sankararta. Allura ɗaya ce a damtse, kuma kyauta ce.

Jimla ta (1) tana nuna mai maganar kansa yana shakka. Jimla ta (2) ta sanya allurar a sahun sauran alluran da uwa ta saba da su. Sai dai sanarwar da ba a gabatar da gaisuwa ba umarni ce a kunnen Bahaushe, don haka sallama da tambayar gida da iyali su ne ƙofar shiga. Sanarwa kuma ba tilas ba ce, izinin iyaye yana nan daram.

5.2 Idan An Ƙi

A gidaje da yawa, uwa ce take kawo yarinya amma izini na hannun maigida. Idan ta ce sai ta tambaya, bai kamata a ɗauki wannan a matsayin ƙi ba. A rubuta mata ranar dawowa, a kuma nemi ganin uban:

(3) Malam, mene ne ka ji game da allurar nan wanda bai kwanta maka ba?

Wannan tambaya tana ba shi girmansa, tana kuma fito da ainihin damuwar domin a amsa ta ita kaɗai. A faɗi abin da zai iya biyo bayan allurar ba tare da ɓoyewa ba: ciwon damtse, ɗan kumburi, zazzaɓi mai sauƙi. Wasu matasa sukan ji jiri ko su suma saboda tsoron allura, shi ya sa ake zaunar da yarinya na minti 15 bayan an yi mata. Suma ɗaya a gaban jama'a, in ba a yi gargaɗi tun farko ba, ta isa ta watsa layi ta kuma cika gari da jita-jita.

5.3 Kada Dama Ta Wuce

Jadawalin rigakafin yara na yau da kullum yana ƙarewa kafin yaro ya cika shekara biyu, don haka 'yar shekara 9 ba ta da wani dalili na zuwa asibiti sai ciwo ko rakiya. Kowace irin zuwa dama ce. Yarinyar da ta rako uwarta awo, ko ta goyo ƙanenta ranar allura, a tambayi shekarunta tun daga teburin yankar kati. Inda babu takardar haihuwa, a kwatanta da ajinta a makaranta ko wani abu da ya faru a shekarar da aka haife ta. A buɗe rajista ta musamman, a ba ta kati, a kuma tabbatar maganin yana cikin firji a ma'aunin sanyi 2 zuwa 8, ba tare da ya daskare ba. Uwar da aka shawo kanta ta zo aka ce babu magani, da wuya ta sake dawowa.

5.4 Fita Waje

'Yan mata da yawa ba sa makarantar boko, kuma su ne suka fi fuskantar auren wuri da ƙarancin gwajin bakin mahaifa daga baya. Islamiyyu da kasuwanni da gidajen suna su ne inda za a same su. Kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, wanda aka kafa a 2009 da goyon bayan Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, ya taka rawa wajen kawar da shan-inna. Hanyar da ya bi ta mai unguwa da liman da ungozoma tana nan a buɗe ga ma'aikacin da ya san darajar gaisuwa.

6.0 Kammalawa

A watan Nuwamba, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da sankarar bakin mahaifa, inda ta sa burin cewa kafin 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata allura kafin su cika shekara 15, a gwada kashi 70 na mata, a kuma yi wa kashi 90 na masu cutar magani. Bayanin da ya gabata ya nuna cewa burin farko ya dogara ƙwarai da abin da ake faɗa a ɗakin allura da yadda ake faɗarsa. Akwai buƙatar sassan nazarin harsunan Nijeriya su haɗa kai da makarantun koyon aikin jinya da na kiwon lafiyar al'umma, su daidaita kalmomin wannan fage a Hausa da Yarbanci da Ibo da sauran harsuna, su kuma gwada su a kunnen iyaye kafin a buga su a takardu. Yarinyar da aka yi wa allura a 2024 tana da shekara 9, sai wajen 2050 za a ga amfanin abin a jikinta, lokacin da ita ma take riƙe da hannun 'yarta zuwa asibiti.