Na'urar da ke Ƙarya Ta Fi Wadda Ta Mutu Haɗari

Kowa ya san yadda ake bikin raba kayan asibiti a ƙananan hukumominmu. A kafa rumfa, a jera kwalaye, ɗan siyasa ko wata ƙungiya ta miƙa, a ɗauki hoto, a watse. Abin da ake ƙirgawa a ranar shi ne yawa: gadaje nawa, injinan oksijin nawa, na'urorin awon jini nawa. Da wuya ka ji wani ya tambaya ko an ƙera kayan don irin wutarmu da zafinmu da ƙurarmu, ko wa zai riƙa duba su bayan an naɗe tabarma. Ga mutumin birni wannan sakaci da sauƙi, domin in bai yarda da awon wannan asibiti ba sai ya tsallaka wancan. Mutumin Getso ko Lakwaya ko Garo ba shi da wannan gata. Abin da na'urar asibitin mazaɓarsa ta faɗa, a kansa za a yanke ko a sallame shi, ko a tura shi Babban Asibitin Gwarzo, ko a nemi motar da za ta yi tafiyar kusan kilomita 70 zuwa Kano. Don haka ƙa'idar da ake bi wajen ƙera na'urar da gwada ta, wadda muke ɗauka hirar injiniyoyi ce, ta fi shafarsa fiye da kowa.

Matattun na'urori dai ba ɓoyayyu ba ne. A 2011 wasu masana na Jami'ar Duke da ke Amurka suka tattara bayanan kayan asibiti sama da 112,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, suka tarar kusan kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki, kuma manyan dalilan su ne rashin horo, rashin tsarin kula da kaya, da rashin abubuwa irin su wuta. Akwai wani misali daga Gambiya da ya kamata duk mai karɓar gudummawa ya sani. A 2000 aka ba wani babban asibiti a ƙasar kyautar injinan oksijin sama da 20, ba a jima ba duk suka tsaya aka jibge su a sito. Da aka bincika, sai aka ga an ƙera su ne don wutar Amurka, mai ƙarfin volt 110 da bugu 60 a daƙiƙa, alhali wutar Gambiya irin tamu ce, ninkin wancan ƙarfi da bugu 50. Taransifoma na iya rage ƙarfin wuta, amma ba ta canza bugunta. Masu kyautar da kyakkyawar niyya suka bayar, masu karɓa da godiya suka karɓa, amma ba a tabbatar injinan sun dace da wutar ƙasar ba.

Amma matacciyar na'ura, duk da asarar kuɗin da ke cikinta, tana da gaskiya guda: kowa ya ga ba ta aiki, sai a nemi wata mafita. Wadda ta fi ban tsoro ita ce mai kunnuwa, tana ƙara, tana nuna lamba, lambar kuma ba daidai ba. Injin oksijin na zuƙo iskar ɗaki, wadda kashi 21 ne kawai cikin ɗari nata oksijin, ya tura ta cikin wata matata da ke riƙe sauran iskar, ya fitar da oksijin mai tsabtar kashi 90 ko fiye. Ƙurar hunturu tana toshe masa hanci, laimar damina tana kashe matatar a hankali, zafin bazara da ke haura digiri 40 a Afrilu yana galabaitar da shi. Duk da haka zai ci gaba da gurnani, ruwan kwalbarsa na ɓulɓulowa, uwar yaron da nimoniya ta kama tana kallo hankalinta a kwance, alhali abin da ke shiga hancin ɗanta bai fi iskar ɗakin da komai ba. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sharɗanta cewa injin ya iya aiki har a zafin digiri 40, kuma ya yi ƙarar gargaɗi da zarar tsabtar oksijin ta faɗi ƙasa da kashi 82. Injin da ba shi da wannan gargaɗi, kuma asibitin ba shi da abin auna tsabtar iskar, ba mai iya rantsuwa a kan abin da yake fitarwa.

Na'urar awon hawan jini ta fi wannan kusa da mu, domin tana kowane kemis, tana ɗakin awon ciki, ta shiga gidaje. A kasuwa ba ma yarda da tiyar da aka buga wa gindi, kuma tun muna makarantar allo muka san abin da Suratul Muɗaffifina ta tanadar wa masu tauye mudu. To na'urar awo ma mudu ce, sai dai abin da take tauyewa ba dawa ba ne. Iyakar da ma'aikatan lafiya ke dubawa ita ce 140 bisa 90. In na'ura tana rage maki goma, mai juna biyu da jininta ya fara hawa za a ce mata lafiya lau, ta koma gida, sai an kawo ta ranga-ranga da jijjiga. Abin takaicin shi ne maganin jijjiga yana nan kuma an ga aikinsa a jihar nan: da aka shigar da allurar magnesium sulphate asibitocin gwamnati goma na Kano a 2008, mace-macen masu wannan ciwo ya sauko daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa kashi 2 da 'yan kai. Amma kafin a kai ga allura sai an gane jinin ya hau, ganewar kuma a hannun na'ura take. Mai agogo, wadda ake matsa wa iska da hannu, tana kaucewa in ta faɗi ko ta tsufa, shi ya sa ake so a gwada ta da wata ingantacciya duk bayan wata shida. Mai batir kuwa ba kowacce aka gwada a jikin mutane kafin a kai ta kasuwa ba. Wani bincike da aka buga a 2020 a kan waɗanda ake sayarwa ta intanet a Ostareliya ya nuna ko ɗaya cikin biyar na masu ɗaurawa a damtse ba su ci irin wannan gwaji ba. In haka abin yake a ƙasar da hukumominta ke da ido, sai a kwatanta da kwalin da ya biyo ta hannu biyar kafin ya iso kantin ƙauye. Ko maɗaurin ma yana da nasa: in ya yi wa damtse kaɗan, lambar za ta haura gaskiya, a ɗora wa mai lafiya maganin da ba ya buƙata.

Wani zai ce da babu gara ba daɗi, kuma ba a raina kyauta. Maganar tana da nauyi a wurin da asibiti ke rasa ko da sikelin awon jarirai. Sai dai karin maganar ta dace da abin da ke yin rabin aiki, ba ta dace da abin da ke ɓatar da mai aiki ba. Ungozomar da ba ta da na'ura za ta dubi kumburin ƙafa da ciwon kai ta tura mace gaba. Wadda na'ura ta ba wa lambar ƙarya ta rasa ko wannan shakkar da za ta ceci rai. Game da kyauta kuma, tun 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan gudummawar kayan asibiti, kuma ɗaya daga cikin ginshiƙansa shi ne abin da bai cancanci amfani a ƙasar mai bayarwa ba, bai cancanci a bayar da shi ba. Tambayar mai kyauta ina littafin na'ura, ina kayan gyaranta, wa zai koyar da ma'aikata, ba butulci ba ne. Shi kansa ya fi son kuɗinsa su yi aiki.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: ai waɗannan ƙa'idoji Turawa suka rubuta don ƙasashensu. Akwai gaskiya a ciki, har fiye da yadda masu faɗa suka sani. 'Yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna oksijin na jini da haske take aiki, launin fata kuma yana shafar haske. A 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka gano cewa tana nuna lafiya ga baƙaƙen fata alhali oksijin ɗinsu ya yi ƙasa, kusan ninki uku na yadda take yi wa farare. Dalili kuwa shi ne ƙa'idar gwajin ba ta tilasta sa isassun baƙaƙe a ciki ba. Amma darasin ba watsi da ƙa'ida ba ne, gyara ta ne, kuma ita ake gyarawa yanzu. Hujjar tana cikin asibitocin mazaɓunmu ma. Firjin rigakafi mai aiki da hasken rana yana riƙe allurai tsakanin digiri 2 zuwa 8 ne saboda kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi don ƙasashe masu zafi sai an gwada shi a digiri 43, kuma a jikin kwalbar rigakafi akwai ɗan tambari da ke yin duhu in zafi ya lalata ta, wanda ko bai yi boko ba zai gane. Ga abin da ke faruwa ke nan in an rubuta ƙa'ida da mu a zuciya. Abin da ya rage shi ne injiniyoyinmu da jami'o'inmu, ciki har da Bayero da ke kan titin Gwarzon nan, su riƙa auna abin da ƙura da zafi da hawa da saukar wuta ke yi wa na'urori, a mayar da shi sharaɗin saye.

Hukumomin ma ba ƙirƙirar su za a yi ba. SON, mai kula da ingancin kaya, tana nan tun 1971. NAFDAC da aka kafa a 1993 ba magani da abinci kaɗai take yi wa rajista ba, har da kayan aikin asibiti. Injin ɗaukar hoton ƙashi yana ƙarƙashin hukumar NNRA mai kula da tururin nukiliya, saboda in ya kauce yana dukan jiki da abin da ido ba ya gani. A jiha akwai Hukumar Kula da Asibitoci, akwai PHIMA mai sa ido a kan masu zaman kansu. Raunin yana tsakanin ranar da na'ura ta shigo ƙasa da shekarun da za ta yi tana aiki a asibitin ƙauye. Rajista sai bayan shekaru ake sabunta ta, lalacewa kuwa kullum ce, kuma kasafin saye ya fi na gyara farin jini saboda gyara ba a yi masa biki.

A nan ne talakan da ke cewa wannan aikin gwamnati ne yake da abin yi. Kowace mazaɓa tana da kwamitin raya ta da ke zama da shugaban asibiti, kuma dagatai da limamai da ƙungiyoyin ci gaban gari su ake gayyata ranar miƙa kaya. Suna iya neman a buɗe littafi da za a rubuta kowace na'ura, ranar zuwanta, da ranar da aka duba ta ƙarshe, a kuma manna wannan rana a jikinta yadda majinyaci zai gani. Suna iya roƙon ɗan majalisa, kafin ya sayo inji na uku, ya biya kuɗin sola da sitabilaiza da mai gyara da zai riƙa zagayowa don biyun farko. Mai sayen na'urar awon jini ta gida ya duba lambar NAFDAC, ya zaɓi mai ɗaurawa a damtse maimakon wuyan hannu, ya kai ta asibiti a gwada ta tare da tasu kafin ya dogara da ita, kuma kada ya ƙara ko ya rage magani a kan lambarta kaɗai. Mai juna biyu da ke fama da ciwon kai mai tsanani, ko dishi-dishin gani, ko kumburin fuska, ko da an auna an ce jininta daidai yake, ta nemi a sake awon da wata na'urar a ranar.