Yadda Za Ka Adana Tarihin Lafiyarka a Wayarka, da Gwaje-gwajen da Ya Kamata Ka Sani

Darasinmu na yau ba kan sabuwar waya ba ne, kan wani aiki ne da wayar da ke hannunka za ta iya yi maka kyauta, amma yawancinmu ba mu taɓa sa ta ba.

Kwanakin baya jikin mahaifiyarmu ya tashi cikin dare, muka garzaya da ita asibitin da ya fi kusa, ba wanda ta saba zuwa ba. Likita ya yi mana tambayoyi uku: wane maganin hawan jini take sha, miligiram nawa, kuma yaushe aka yi mata gwajin ƙoda na ƙarshe? Mu huɗu muna tsaye, aka rasa mai amsa. Fayil ɗinta yana can wancan asibitin. Da gari ya waye ƙanwata ta kawo wata leda cike da takardu, sai ga shi wadda muke nema ta koɗe, ba a iya karanta lambobin. Dole aka sake gwajin da muka biya kuɗinsa wata biyu da suka wuce. Alhamdu lillahi ta samu sauƙi, amma abin ya tsaya mini a rai. Ni da sana'ata rubuta manhaja, ba na yarda in kwana ban yi wa aikina kwafin ajiya ba, amma bayanan lafiyar mahaifiyata suna cikin leda.

Abin lura shi ne, a yawancin asibitocinmu fayil ɗinka na asibitin ne, ba ya bin ka in ka sauya wuri. Ko inda aka koma amfani da kwamfuta, galibi na'urar wannan asibiti ba ta magana da ta wancan. Kai kaɗai ne kake halartar kowane ganin likita da aka yi maka, don haka kai ya kamata ka riƙe cikakken tarihin.

Me za ka adana?

Abu na farko shafi guda ne na taƙaitaccen bayani: rukunin jininka, jinotayif ɗinka, cututtukan da likita ya tabbatar kana da su, tiyatar da aka taɓa yi maka, maganin da jikinka ba ya karɓa, da magungunan da kake sha yanzu tare da ƙarfinsu. Kada ka rubuta "farar ƙwaya ta safe". Rubuta sunan da ke jikin kwalin, misali amlodipine 5mg, sau ɗaya a rana. In kana shan na gargajiya ko na Islamik kemis, sa shi a ciki, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka ƙara da cututtukan da ke yawo a danginku, kamar suga, hawan jini ko sikila.

Abu na biyu hoton kowace takardar sakamako, da takardar magani, da ta sallama daga asibiti, da katin rigakafin yara. Na uku kuma jadawalin lambobi, wanda zan yi bayaninsa a ƙasa.

Yadda za ka tsara shi

Ba ka buƙatar sayen wata manhaja. Duk mai asusun Gmail yana da ma'adanar Google Drive mai girman gigabayit 15 kyauta. Buɗe folda mai suna "Lafiya", a cikinta ka yi wa kowane mutum na gida tasa. A cikin manhajar Drive akwai alamar kyamara da ke ɗaukar hoton takarda, ta gyara gefunanta, ta mayar da ita PDF. Ka yi wannan tun ranar da ka karɓi sakamako, musamman irin siririyar takardar nan da na'ura ke fitarwa mai kama da rasit ɗin POS, don rubutunta yana gogewa da zafi da daɗewa.

Wajen sa wa fayil suna, fara da shekara, sai wata, sai rana, sai sunan gwaji, kamar haka: 2024-03-15-suga-Umma. In ka bi wannan tsari, fayilolin za su jeru da kansu daga tsoho zuwa sabo. Idan kuma za ka tura wa likita ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, ba hoto ba, saboda WhatsApp yana matse hoto har ƙananan lambobi su dusashe.

Sai ka buɗe jadawali a Google Sheets mai layuka shida: kwanan wata, sunan gwaji, sakamako, ma'auni, inda aka yi, da ƙarin bayani (misali ko ka ci abinci kafin gwajin). Amfaninsa shi ne lamba ɗaya ba ta faɗin labari sosai. Sugan da ya nuna 5.2 bara waccan, 5.9 bara, 6.6 bana, bai kai matakin cuta ba ko sau ɗaya, amma duk likitan da ya ga jerin zai gane inda aka dosa. Wanda ya zo da takardar bana kaɗai ba zai nuna masa wannan ba.

Kula da ma'auni

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ana auna suga da ma'auni biyu: mmol/L da mg/dL. Wani ɗakin gwaji zai rubuta maka 7.0, na'urarka ta gida ta nuna 126, ka ɗauka abu ya lalace, alhali lamba ɗaya ce. Ka ninka ta farko sau 18 za ka samu ta biyu. Haka gwajin ƙoda na kiriyatinin: 1.0 a mg/dL daidai yake da kusan 88 a µmol/L. Shi ya sa layin ma'auni a jadawalinka ba na ado ba ne. Kuma iyakar da ake ɗauka lafiya lau takan ɗan bambanta daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan, don haka ka dubi wadda aka buga a gefen sakamakonka.

Gwaje-gwaje masu sauƙin kuɗi da suka cancanta

Jinotayif da rukunin jini: ba sa canzawa har abada, don haka in an yi su a wuri mai inganci an gama. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A Kano, tun 2024 doka ta wajabta gwaji kafin aure, ciki har da jinotayif, ciwon hanta da HIV. Tunda aure ya rataya a kansa, babu laifi a maimaita shi a wani wuri na daban don a tabbatar.

Ciwon hanta nau'in B: sunan gwajin HBsAg. Mutum yakan ɗauki shekaru da ƙwayar cutar ba tare da wata alama ba, tana cin hanta a hankali. In ba ka da ita, akwai allurar rigakafi, galibi sau uku cikin wata shida. Rubuta ranar kowace allura.

Awon jini: shi ne mafi arha, kuma hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. Idan awo yana kaiwa 140/90 ko sama a ranaku daban-daban, a ga likita.

Suga: ana yin sa da safe bayan aƙalla awa takwas ba a ci komai ba. Daga 7.0 mmol/L zuwa sama alamar ciwon suga ce, amma sai an maimaita kafin a tabbatar. Akwai kuma HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, inda 6.5% ko sama ke nuna cutar. Sai dai ya fi tsada, kuma yana iya ba da sakamakon da ba daidai ba ga mai sikila ko mai ƙarancin jini, don haka ka gaya wa likita jinotayif ɗinka.

Fitsari da kiriyatinin: ga mai hawan jini ko suga, waɗannan ne ke fara nuna ko ƙoda ta soma taɓuwa, tun kafin ƙafa ta kumbura. Akan so a yi su aƙalla sau ɗaya a shekara.

Maleriya: gwajin gaggawa na ɗigon jini yana fitowa cikin kusan minti 15 zuwa 20. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada kafin a sha magani, domin ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Shi kuwa gwajin Widal da ake yawan yi don taifot, sau da yawa yana nuna akwai cuta alhali babu, don haka kada ka hau shan maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan sa kaɗai.

Yadda za ka rage kashe kuɗi

Farashi yana canzawa, kuma yana bambanta ko a unguwa ɗaya, don haka tambayi wuri biyu ko uku. Asibitin gwamnati galibi ya fi sauƙi, sai dai layi. Gwajin HIV da na tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Akan kuma samu awo kyauta a ranakun wayar da kai: 17 ga Mayu ta hawan jini, 28 ga Yuli ta ciwon hanta, 14 ga Nuwamba ta ciwon suga. In kana cikin inshorar lafiya ta NHIA ko ta jiharku, irin KSCHMA a Kano, tambayi gwajin da ta ɗauke maka. Amma arha kada ta ruɗe ka: a Nijeriya hukumar MLSCN ce ke yi wa ɗakunan gwaji rajista, kana da damar tambaya ko wurin yana da ita. Kuma ba dole ba ne ka sayi babban kunshin gwaji ashirin a lokaci guda. Tambayi likita waɗanda suka dace da shekarunka da tarihin gidanku.

Na'urorin gida

In za ka sayi na'urar awon jini, ɗauki mai ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu inganci, kuma ka tabbatar maɗaurin ya yi daidai da kaurin hannun. Zauna minti biyar ka huta, ka jingina bayanka, hannu daidai da ƙirji, ba ka sha shayi ko kofi ko ka ci goro ba cikin rabin awa. Auna sau biyu, ka rubuta duka. Na'urar suga kuwa, kafin ka saya tambayi kuɗin tsinkayenta da ko ana samun su a garinku, don su ne ainihin kashe kuɗin. Duk manhajar da ta ce ka ɗora yatsa a kan gilashin waya ta gaya maka suganka ko awon jininka, wasa ce, gilashin ba shi da abin da zai auna su.

Sirri

Bayanin lafiya ba kamar hoton biki ba ne. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa shi cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, amma abin da ke cikin wayarka kai ne mai gadinsa. Sa wa wayar makulli, ka kunna tantancewa mai mataki biyu a asusunka na Google. Kada ka bar hotunan sakamako a cikin ma'ajiyar hotuna inda yara ke wasa, kuma ka fita daga asusunka kafin ka ba mai gyara. In za ka adana na iyaye ko na matarka, nemi izininsu. In za ka tambayi manhajar ƙirƙirarriyar basira ma'anar wani gwaji, rufe suna da lambar asibiti tukuna, kuma kada ka ɗauki amsarta a matsayin hukunci.

Wayoyin Android da iPhone duka suna da wurin rubuta bayanan gaggawa da ake iya gani ko wayar tana kulle. Cike shi. Sannan ka buga shafin taƙaitawar nan a takarda ka ajiye a gida, saboda ranar da caji zai ƙare ko sabis ya ɗauke.

A ƙarshe, wannan tsari ba zai mayar da kai likita ba, kuma ba hujjar ƙara wa kanka magani ko dainawa ba ce. Amfaninsa shi ne ka shiga wurin likita da cikakken bayani. Ranar da muka koma da Umma, na miƙa wa likita wayata, ya duba awon wata uku cikin minti ɗaya, ya rage mata ƙwaya guda saboda jirin da take fama da shi. Ka fara yau da takarda ɗaya: nemo ta ƙarshe da aka ba ka, ka ɗauki hotonta. Allah Ya ƙara mana lafiya.