Lambunan bakin kogi da ke ciyar da unguwannin kudancin Kaduna

Duk wanda ya bi gefen Kogin Kaduna ta ɓangaren kudu a lokacin rani, daga bayan Barnawa zuwa Nasarawa da Kudenda, zai ga filaye kore shar a daidai lokacin da ciyawar gari ta bushe. Ƙananan lambuna ne na iyalai, wasu ba su fi filin gida biyu ko uku ba, amma daga cikinsu ake samun kaso mai yawa na ganyen miyar da ake sayarwa a Kasuwar Monday da ke Kakuri da kasuwannin Television da Sabon Tasha.

Alayyafo da yakuwa da lalo da ugu da latas da kabeji da karas da albasa mai lawashi da kuɓewa da ɗanyar masara, duk ana nomansu a nan. Yawanci da asuba ake yanka, kafin hantsi kaya sun isa kasuwa, kafin magariba sun shiga tukunya.

Daga masaƙa zuwa lambu

Noma a wannan yanki ya girmi birnin kansa. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna noma a nan tun kafin Turawan mulki su dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Daga baya masu noman rani daga ƙasar Zazzau da Kano da Katsina suka riƙa zuwa cin rani, wasu suka zauna.

Sai dai an fi sanin kudancin Kaduna da masana'antu. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, wasu masaƙu kamar UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, sannan kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975. Dubban mutane daga sassan ƙasar nan sun tare a Kakuri da Makera da Nasarawa saboda aikin albashi.

Da masaƙun suka durƙushe, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, sai magidanta da dama suka wayi gari ba albashi. Wasu sun koma acaɓa, wasu ƙananan sana'o'i, wasu kuma suka ɗauki fartanya suka nemi ɗan fili a fadama.

Yadda ake aikin

Da damina ta ɗauke a watan Oktoba, ruwan kogi ya ja baya, sai a share fili a yanka shi ƙananan fangali, a ja ruwa da injin ban-ruwa. Mai ƙaramin ƙarfi kan yi hayar inji ko ya yi ban-ruwa da bokiti.

Abin da ke riƙe gidan mai lambu shi ne alayyafo, domin cikin mako uku zuwa huɗu ya isa yanka. Saboda haka manomi ba ya shuka filinsa duka a rana ɗaya. Yakan shuka wannan fangali yau, wancan bayan mako guda, ta yadda kusan kullum akwai abin kai wa kasuwa. Kuɗin cefane da na makarantar yara daga nan suke fitowa, yayin da kabeji da karas, masu ɗaukar kusan wata uku, ke zama kamar asusu.

Aikin na iyali ne. Maigida na kan ban-ruwa, yara na taya cirar ciyawa bayan an taso makaranta, mata kuma su ne kan gaba wajen sari da kasa kaya a kasuwa. Sau da yawa mai sari kan ɗauki kaya bashi da safe ta biya da yamma.

Tsadar takin zamani ta sa da yawa sun koma ga kashin kaji daga gidajen kiwon kaji da ke kewayen birni, da kashin shanu da toka. Wasu kan jiƙa ganyen dogon yaro su fesa don korar ƙwari. Kusancin kasuwa ma riba ce: ganyen da aka ɗauko a Keke Napep daga bakin kogi ba ya yin yaushi kamar wanda ya kwana a mota, kuma kuɗin dakonsa kaɗan ne.

Akwai wani amfanin da ba a cika faɗa ba. Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, kogin ya zama tamkar iyaka, Musulmi suka fi yawa a arewa, Kirista a kudu. Amma cinikin ganye bai rabu haka ba. Manomi Bahaushe na sayar wa 'yar sari Bajju ko Ibo, ugu da a da ake ganin na mutanen Kudu ne ya shiga miyar Hausawa, kowa kuma ya san amanar abokin cinikinsa.

Ruwan da ke rayarwa, ruwan da ke cutarwa

Babbar damuwa ita ce ingancin ruwa. Magudanun Kakuri da Makera sun shafe shekaru suna kwaso dagwalon masana'antu da na gidaje suna zubawa a kogi, kuma da rani, lokacin da ruwa ya yi ƙasa, wasu manoma kan ja kai tsaye daga irin waɗannan magudanai. Masu bincike na jami'o'i sun sha auna ruwa da ƙasa da ganyen yankin, suka kuma yi gargaɗi kan sinadarai masu guba irin su dalma. Wanke ganye na rage datti da ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da gubar da shuka ta riga ta tsotsa. A gefen Kogin Romi ma, kusa da matatar mai da aka buɗe a 1980, mazauna sun daɗe suna kokawa kan gurɓatar ruwa.

Da damina kuma matsalar ta juye. Ambaliyar 2003 da ta 2012 sun shafe gonaki da gidaje a bakin kogin, kuma kusan duk shekara watan Agusta da Satumba na zuwa da fargaba.

Sai tsadar fetur. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a 2024. Ga mai tayar da inji kowane kwana biyu, wannan na nufin rage faɗin gona ko ƙanƙance ƙullin alayyafo. Masu tumatir kuwa ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da manoma ke kira sharon ta yi ɓarnar da ta sa Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir.

Filin aro

Mafi yawan masu lambun ba su da takardar mallaka. Haya suke yi ko aro, kuma birni na ta faɗaɗa ta Kamazou da Mahuta da Gonin Gora. Ranar da mai fili ya samu mai saye, sai manomi ya ga an sauke bulo a gefen shukarsa. Wanda bai san ko zai kai baɗi a fili ba, ba zai kashe kuɗi ya haƙa rijiya mai tsabtataccen ruwa ba.

A nan ne hukumomi ke da rawar takawa. Filayen da ambaliya ke ci duk shekara ba su dace da gini ba, amma sun dace da lambu. Idan hukumar tsara birane ta KASUPDA da ta filaye, KADGIS, suka keɓe su don noma, hukumar kare muhalli ta KEPA ta sa ido kan abin da ake zubawa a magudanai, aka kuma taimaka wa ƙungiyoyin manoma da gajerun rijiyoyi da injin mai aiki da hasken rana, to mai lambu zai samu kwanciyar hankali, uwargida a Narayi ko Unguwar Sunday kuma za ta san da wane irin ruwa aka shayar da ganyen da take ba 'ya'yanta.