BAYANI: Abin da ya kamata mai son kiwon tsirya ya sani kafin ya sayi keji

A ranar 31 ga Yulin 2025, jami'an Hukumar Kwastam suka kama tsuntsaye fiye da 1,600 a filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Legas, ana shirin fita da su zuwa Kuwait ba tare da takardun izini ba. Cikinsu akwai kanari, akwai kuma tsirya, koriyar tsuntsuwar nan mai jan baki da doguwar wutsiya wadda manomin Tambuwal ko Kebbe ya saba kora daga gonar gero. Abin da yaro ke jifa da gwafa a kudancin Sakkwato ya zama haja a kasuwannin ƙetare, kuma matasan da ke sha'awar ajiye tsuntsu a gida suna cikin wannan ciniki, ko sun sani ko ba su sani ba.

Tsirya, aku da baƙuwar Ostareliya

Bahaushe ya fi sanin aku ta hanyar littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Aku mai launin toka da jar wutsiya tsuntsun kurmi ne, fatake ke kawo shi Arewa. Tsirya kuwa 'yar gida ce. Masana na kiranta Psittacula krameri, kuma tana rayuwa a faɗin yankin Sahel da Sudan, daga Senegal har gaɓar Bahar Maliya, sannan a Indiya da Pakistan. Tsawonta, haɗe da wutsiya, ya kai santimita 40. Namijin na samun zobe a wuya idan ya balaga, macen kuwa babu.

Wanda ke neman ƙaramin tsuntsu marar hayaniya zai yi kuskure idan ya ɗauko tsirya. Kukanta na da kaifi, musamman da asuba da gabanin magariba, kuma tana iya shekara ashirin ko fiye a keji. Wadda ta fi dacewa da ɗaki guda ko gidan haya ita ce ƙaramar 'yar uwarta ta Ostareliya, wadda Turawa ke kira budgerigar. Tsawonta kamar santimita 18 ne, nauyinta giram 30 zuwa 40, kukanta ƙasa-ƙasa ne, kuma takan rayu shekara biyar zuwa goma. Masanin tsuntsaye John Gould ne ya kai ta Ingila a 1840, kuma waɗanda ake sayarwa yau a keji aka ƙyanƙyashe su, ba daga daji aka kamo su ba.

Abin da kiwon ke buƙata a yanayin Sakkwato

Abinci ba shi ne matsala ba, domin gero da dawa su ne cimar waɗannan tsuntsaye. Sai dai tsaba zalla ba ta wadatar da su. Suna buƙatar ganye kamar zogale da alayyafo, da karas, da ɗan gwaiba ko gwanda, da ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka domin ƙarfin ƙashi. Gyaɗar da ta yi fumfuna guba ce gare su. Haka nan fiya, cakulan da abinci mai gishiri.

Babban ƙalubale shi ne yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a jihar Sakkwato, kuma kejin ƙarfe da aka rataya ƙarƙashin kwano na iya kashe tsuntsu cikin yini guda. Inuwa, iska da ruwan sha mai tsabta safe da yamma wajibi ne, tare da ɗan kasko na wanka. Da hunturu kuma ana rufe keji da zane da dare. Huhun tsuntsu ba ya jure hayaƙi, don haka maganin sauro na kunnawa, turaren wuta, hayaƙin murhu da na janareta duk haɗari ne. Faɗin keji ya fi tsayinsa muhimmanci, saboda tsuntsu a kwance yake tashi. Kuma tun da a garke suke rayuwa, wanda aka bari shi kaɗai yakan shiga damuwa har ya riƙa fige gashinsa.

Lafiyar mutanen gida ma na cikin lissafi. Dangin aku na iya ɗauke da ƙwayar cutar Chlamydia psittaci, wadda ke shiga jikin mutum ta ƙurar busasshen kashinsu, ta haddasa zazzaɓi da ciwon huhu. Yayyafa ruwa kafin shara da wanke hannu na rage haɗarin. Akwai kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da nau'inta na H5N1 a Afirka a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006. Saboda haka sabon tsuntsu na buƙatar keɓewa na wata guda, nesa da kaji, zabi da tantabaru. Idan ya kamu da ciwo, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a birnin Sakkwato.

Malamai kan kafa hujjar halaccin ajiye tsuntsu da hadisin ƙanin Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Sukan kuma haɗa da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Ma'ana, izinin yana tafe da sharaɗin kulawa.

Me doka ta ce?

Najeriya na cikin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe tun da ta fara aiki a 1975. A cikin gida akwai dokar 1985 kan halittun da ke fuskantar ɓacewa, wadda aka yi wa gyara a 2016, kuma hukumar NESREA da aka kafa a 2007 na cikin masu aiwatar da ita. A taron CITES na Johannesburg a 2016 aka haramta cinikin aku mai launin toka da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Tsirya ba ta cikin wannan jeri, domin har yanzu tana da yawa, amma fitar da ita ba takardu laifi ne, kamar yadda kamen Legas ya nuna.

Kasuwar ma ta sauya alƙibla. Tarayyar Turai, wadda a da ita ce babbar mai saye, ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji a 2005 saboda murar tsuntsaye, ta mayar da haramcin na dindindin a 2007. Daga nan dillalai suka karkata zuwa Gabas ta Tsakiya da Asiya. A Oktoban 2025 Majalisar Dattawa ta amince da sabon ƙudurin kare halittun da ke fuskantar ɓacewa, mai tsaurara hukunci kan masu fasaƙwaurinsu.

Inda lamarin ya shafi Tambuwal da Kebbe

Tsirya ba ta saƙa sheƙa da ciyawa. A kogon itace take ƙwai, cikin tsofaffin bishiyoyi irin su kuka, gawo, ɗorawa da tsamiya. Kudancin Sakkwato ya fi arewacin jihar samun ruwan sama da yawan itatuwa, amma nan ne masu saran itace da masu gawayi ke aiki. Itacen da ya yi shekaru kafin ya yi kogo, cikin awa guda zarto ke kayar da shi. Mai ɗebo 'ya'yan tsuntsu ma yakan fasa kogon da gatari, ya lalata wurin ƙwai na shekaru masu zuwa. Ga wahalar hanya: tsuntsayen da aka cunkusa cikin kwando ba ruwa, da yawansu ba sa kai wa kasuwa da rai.

Manomi na da nasa ƙorafin, domin garken tsirya na ɓarna a gonar gero, dawa da masara, don haka ba ya ganin laifin mai kama ta. Matsalar tsaro a dazuzzukan da suka haɗa Sakkwato, Zamfara da Kebbi kuma ta sa sintirin malaman daji ya yi wuya. Dokokin tarayya sun fi mayar da hankali kan iyakoki da tashoshi, yayin da kula da daji da abin da ake kamawa a cikinsa ya rataya a wuyan jihohi, waɗanda da yawansu suka gaji dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963.

Nan ne tambayoyin siyasa suke. Matasan mazaɓar Sakkwato ta Kudu, wadda Sanata Aminu Waziri Tambuwal ke wakilta tun 2023, na iya tambayar wakilansu a Abuja da majalisar jiha: nawa ake ware wa gandun daji a kasafin kuɗi, malaman daji nawa ke aiki a ƙananan hukumomin biyu, kuma wa ke ba da izinin sare itace?

Shi kuma mai saye, tambaya ɗaya ta ishe shi a gaban mai sayarwa: a keji aka ƙyanƙyashe tsuntsun ko daga daji aka kamo shi? Wanda ke firgita yana dukan keji idan mutum ya matso, gashinsa a tsige, galibi kamun daji ne. Kuɗin da aka biya a kansa shi ne jarin da zai mayar da mai tarko daji a mako mai zuwa.